Zomayen Noelene da Injin Sharar Clarrie

Shekara ashirin da shida ina maƙwabtaka da Clarrie Treloar a nan Mildura, shinge ɗaya ne tsakaninmu, kuma a duk tsawon shekarun nan sau ɗaya tak ya taɓa neman shawarata. A kan injin shara ne. Ni Glenys na yi shekara talatin da ɗaya ina gyaran ɗakunan kwanan baƙi a otal-otal ɗin bakin kogi, injin da ya mutu a hannuna ya haura goma sha biyar, don haka ban ga laifinsa ba da ya zo wurina. Laifinsa ɗaya, sai da ya gama kwaɓa lamarin sannan ya tuna da ni.

An haifi Clarrie a wata gona can cikin yankin Mallee, inda ƙasa ja ce, ruwan sama kuma sai ya ga dama. Mahaifinsa ɗan tarkon zomaye ne. Zamanin nan zomo annoba ne, ya cinye ciyawar tumaki, ya rarake gonaki, har gwamnati ta rasa yadda za ta yi da shi. Clarrie ya iya ɗana tarko kafin ya iya ɗaura igiyar takalminsa. Ya sha ba ni labarin ta kan shinge, ko na tambaya ko ban tambaya ba: yadda ake neman wurin da zomaye ke tara kashinsu, a haƙa ɗan rami, a zaunar da tarkon, a rufe bakinsa da guntun jarida, a barbaɗa yashi a kai. Kullum iska na busowa fuskarka, in ji shi, in ba haka ba warinka ya riga ka isa. Naman su sayar wa masu motar sanyi da ke zuwa sayen nama, fatun su tafi wurin masu yin huluna, abin da ya rage su ci a gida kwana biyar a mako.

Ba a jima ba aka saki cutar nan da sauro ke yaɗawa don a rage zomaye, suka yi ta mutuwa da kumburarrun idanu, sana'ar uban ta yi ta ja da baya har ta mutu. Clarrie ya koma rumfunan askin tumaki. Da shara ya fara, yana kwashe ulu daga ƙarƙashin ƙafafun masu aski, daga baya ya zama mai danna ulu cikin buhuna, ya yi shekara arba'in a haka. Abin da ya gada daga ubansa tarko ɗaya ne mai tsatsa, wanda ya rataye a wata ƙusa a barandar baya tun ranar da suka tare a gidan. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani.

Matarsa Noelene ba ta da surutunsa. Ta yi aiki a masana'antar busar da inabi, ta yi a kicin ɗin makarantar firamare, ta yi ritaya da huhun da ba shi da ƙwari. Shekarar da ƙanwarta ta rasu sai ta zauna. Ba wani ciwo da likita ya gano, ta dai daina tashi. Ƙarfe goma sha ɗaya labulenta a rufe, furanninta suka bushe, ni kuma da na saba mu yi hira muna shanya sai na koma ina hira da igiya. Clarrie ya rasa abin yi, sai ya riƙa kai mata shayi yana dawowa da shi ya huce.

Ana cikin haka wata ma'aikaciyar banki da ke haya a tsallaken titi aka yi mata canjin wurin aiki zuwa jihar Queensland, inda doka ta hana ajiye zomo a gida. Ta zo ƙofar Noelene da kwali, ta ce a riƙe mata na mako biyu kafin ta samo musu gida. Yau shekara huɗu ke nan. Namijin toka-toka ne mai kunnuwa a zube, Noelene ta sa masa Damper. Macen ƙarama ce, ruwan ƙasa, ita ce Sultana. Clarrie ya ce wurin zomo a cikin gida ɗaya ne, tukunya, kuma daga ranar bai taɓa kiran su da sunansu ba. Miya Babba da Miya Ƙarama yake ce musu.

Damper yana da wata ɗabi'a. Ƙarfe shida da rabi na safe zai ɗauki kwanon abincinsa da haƙori ya buga da ƙasa, ya sake ɗauka ya buga, har sai an zo. Ta cikin shinge nake jin ƙarar. A makon farko sai na ji wani abu ya biyo bayan ƙarar kwanon: silifas ɗin Noelene. Wata bai cika ba ta fito tana tsinkar musu ganyen faski a lambu, har tana yi mini faɗa wai na bar lemona yana zuba a ƙasa. Na ji daɗi ranar nan har sai da na share ido da gefen tawul ɗin da nake shanyawa.

A hunturun bara, cikin Yuli, da yake a nan lokacin ake sanyi, ciwon huhu ya kwantar da ita a asibiti mako biyar. Da ta fara samun sauƙi aka ce kafin a sallame ta sai an aiko an duba gidan da za ta koma. Wadda aka aiko sunanta Shalini, ma'aikaciyar lafiya ce mai sanyin murya, irin mutanen da ke faɗa maka magana mai ɗaci ka ji kamar gaishe ka suka yi. Ina wurin, don Clarrie ya ce in zo in haɗa shayi.

Gaskiya gidan ya ɓaci. Zomo ba shi da wari, kuma su Damper sun san tirensu na bayan gida, amma busasshiyar ciyawa ita ce abincinsu, kuma ba inda ba sa jan ta. Ta shige cikin kafet, ta shige ƙarƙashin kujeru. Ga gashi mai laushi da ke tashi ko numfashi ka yi kusa da shi, ga 'yan ƙwayoyin kashi nan da can da suka tsere daga tire. Tsohon injin Noelene yana jingine a lungu, ciyawa ta toshe masa tiyo, wayarsa kuma zomaye sun gatsa ta wuri uku, an naɗe da baƙin salatif. Shalini ta durƙusa ta shafa kafet, ta dubi tafin hannunta, ta ce ba za ta iya rubuta cewa huhun Noelene zai jure wannan ɗakin ba. Za ta dawo nan da kwana goma. In ƙura da gashin suna nan, to ko dai zomayen su bar gidan, ko Noelene ta wuce gidan jinya ta zauna har sai yadda hali ya yi.

Kafin yamma 'yarsu Kerryn da ke Adelaide ta riga ta samo wata mata mai karɓar zomayen da aka rasa yadda za a yi da su. Noelene da kanta, da Clarrie ya je duba ta, ta kama hannunsa ta ce ya bayar da su, ita gida take so. Ni na ɗauka magana ta ƙare, har ina cewa a raina tsohon nan ya samu abin da yake nema shekara huɗu ba tare da ya roƙa ba.

Washegari na same shi a bakin shinge yana kallon ƙasa. Na ce to, Miya Babba da Miya Ƙarama za su yi tafiya, sai a yi biki.

"Ba inda za su," ya ce.

"Ita fa ta ce a bayar, dattijo."

"Bakinta ne ya faɗa. Ke kin manta yadda take kafin su zo? In na dawo da ita gidan da ba mai buga mata kwano da safe, gangar jikinta kawai na ɗauko."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba tare da tarko a ciki ba. Na buɗe baki zan ce bari in taimaka, ya riga ya juya ya nufi motarsa.

Inda ya nufa rumfar dattawa ce, wurin da tsofaffin garin nan ke taruwa Talata da Alhamis suna gyara abin da bai lalace ba. Shugabansu a aikace Des Kowald ne, tsohon makanikin tarakta, mutumin da ya yarda duk matsalar duniya ƙarancin ƙarfin inji ce. Suka zauna su shida suka yanke cewa injin Noelene rago ne. Suka ɗauko wata ganga da ake zuƙe garin katako da ita a wurin kafintoci, suka ƙara mata inji mai ƙarfi, suka ɗaura mata tiyo mai kaurin cinyar mutum, suka ɗora a bayan a-kori-kura suka kawo, kowa yana taƙama.

Daga kicin ɗina na ji an tayar da ita, kofunana suka hau rawa a kan kanta. Ta zuƙi ciyawa, ba ƙarya. Ta zuƙi safa ɗaya, da allurar saƙar Noelene, da rabin labulen falo. Clarrie ya yi awa biyu yana bin gidan lungu-lungu. Su Damper kuwa suka shige bayan firji suka ƙi fitowa, suka ƙi cin komai har washegari da rana, kuma duk mai zomo ya san zomon da ya daina ci yana bakin mutuwa. Sai da Clarrie ya kwanta rub da ciki a ƙasan kicin, mutum mai shekara saba'in da tara, yana miƙa ganyen faski yana lallashi. Bai san na hango shi ta taga ba.

Kwana na uku ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, hularsa a hannu. Ya ce in zo in ga aiki, amma idonsa bai yi kama da na mai nuna aiki ba. Na shiga. Kafet ya yi fes a ido. Na ce ya ja labulen da ya rage, ya bar 'yar kafa ɗaya rana ta shigo, sannan ya tayar da gangar. Ya tayar. Cikin hasken nan sai ga ƙura tana tuɗaɗa daga bayan injin kamar hayaƙin murhu, tana cika ɗakin, tana sauka a kan kujerar Noelene. Abin da ya shiga ta gaba, manyan ne kaɗai suka tsaya, ƙananan da ke kashe huhu duk sun fito ta baya.

Ya kashe injin, ya zauna a hannun kujera, jikinsa ya yi sanyi. Na so in yi masa tsiya, don na tanadi kalmomi tun ranar da kofunana suka yi rawa, amma na haɗiye rabi.

"Kai da ka ishe ni da maganar iska shekara ashirin da shida," na ce, "ba ka tambayi inda iskar wannan take zuwa ba?"

Ya ɗago ya dube ni. Can ya ce, "To malama, koya mini."

Na gaya masa abin da hannuna ya koya. Injin da ake gani ta cikinsa, mai kwanon roba, yana da kyau a talla, amma ranar da za ka juye shi ƙurar da ka tara a fuskarka take ƙarewa. A nemi mai jaka, jakar da ke rufe bakinta in an cire, da matacin iska mai kama ƙura mafi laushi, kuma jikinsa ya zama ba ya yoyon iska ta gefe, don mataci mai kyau a jikin inji mai kafa aikin banza ne. Kada a sayi mai buroshi mai juyawa, ciyawa za ta nannaɗe shi. Sannan ya zama mai sanyin murya, saboda masu gidan na bayan firji. Ya rubuta duka a bayan ambulan da fensirin kafinta. Ya ce gobe in shirya, za mu kanti.

Da safe na ga ya fito da buhun abincin kaji a kafaɗa. Na tambaye shi mene ne a ciki, ya ce kayan aiki. Kantin na Vince Zappia ne, wanda ke sayar da injunan shara da na ɗinki tun ina budurwa, mutum mai tsabta har takalminsa na ɗaukar ido. Ya tarbe mu da fara'a, ya fara jero mana sunaye da lambobi. Clarrie ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa sayen karen kiwo bai ga ya kora tumaki ba, ba kuma zai fara yau ba. Ya kwance bakin buhu ya zazzage a tsakiyar kantin: ciyawa, da gashi, da kashin zomo na kwana uku.

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Vince ya dubi tulin, ya dubi Clarrie, ya dube ni.

"Glenys, wannan tare kuke?"

"Maƙwabci ne, ba ni na haife shi ba."

Na gaya masa zancen Noelene a taƙaice. Ashe ita ta ciyar da 'ya'yansa uku a kicin ɗin makaranta. Vince ya juya allon ƙofa zuwa "an rufe", ya naɗe hannun riga.

Inji biyar aka gwada. Dogon nan mai buroshi ya yi taku biyu ya shaƙe, ya fara warin roba. Siririn mara waya ya cika cikin minti ɗaya, da Vince ya buɗe shi gashi ya tashi ya sauka a gashin girarsa. Clarrie kuwa ga yadda yake gwajinsa: a tayar da inji, ya lashi ɗan yatsa, ya bi duk wata mahaɗa ta jikin injin a hankali yana jin ko iska na tsiyaya, kamar yadda ubansa ya koya masa gane inda iska ta dosa. Sannan ya shimfiɗa farin hankici a inda iskar ke fita, ya ƙirga ashirin, ya ɗaga ya duba. Daga ƙarshe ya murɗa na'urar jinsa ta kunne har ƙarshe, ya ce zomo ya fi haka ji, duk injin da ya sa shi runtse ido ya faɗi.

Na huɗun, wani gajere mai jaka da ake ja a ƙasa, shi ne ya bar hankicin fari, yatsan bai ji komai ba, ƙararsa kuma ba ta fi ta fanka ba. Ya kwashe gashi, ya kwashe kashin yana ƙwas-ƙwas a cikin tiyo. Da aka kai shi kan dogayen ciyawa sai ya toshe a lanƙwasar tiyo, kamar sauran. Vince ya zare ciyawar da waya, ya ce gaskiya ɗaya ce, ba injin gida da zai ci doguwar ciyawa, wanda zai ci kuma shi ne irin gangar da ta yi ɓarna.

Nan na ga fuskar Clarrie ta faɗi. Saura kwana shida. Ya tsaya yana kallon tulin da ke ƙasa. Sai kawai ya fara dariya, ƙasa-ƙasa, yana girgiza kai. Ya ce shekara arba'in a rumfar aski, aikin farko da aka ba shi shi ne raba shara: dogon ulu daban, gutsattsari daban, ƙura daban, ba mai haɗa su a kwasa ɗaya sai sabon shiga. Na ce tsintsiya fa tana tayar da ƙura. Ya ce wa ya ce tsintsiya. Ya karɓi kwali biyu a hannun Vince, ya durƙusa, ya tura ɗaya da ɗaya a hankali a kan daɓe, ciyawar ta taru tsakaninsu ya ɗaga ta cak, ko ƙwayar ƙura ba ta tashi ba. Abin da ya rage gajeren injin ya lashe shi tas. Gwiwarsa ce kawai ta ƙi tashi, sai da ni da Vince muka kama shi.

Gajeren injin Clarrie ya saya, muka dawo da shi. Saura kafet. A kan daɓen kanti dabarar ta yi, a kan kafet ba za ta yi ba. A nan dattawan rumfa suka wanke laifinsu. Des ya zo da mutanensa ranar Asabar, ba wanda ya ambaci ganga, suka ɗaye kafet ɗin gidan gaba ɗaya, sai ga katako mai kyau a ƙasa wanda Noelene ba ta taɓa gani ba. Suka mayar da ciyawa da tire barandar baya, suka kewaye ta da ragar sauro, don cutar nan har yau sauro na yawo da ita a bakin kogi. Na tsaya ina kallon Clarrie a kan tsani yana toshe 'yar kafar da ko allura da ƙyar ta shiga, don kada cutar da ta kashe sana'ar ubansa ta taɓa Miya Ƙarama. Na ce masa da uban zai gan shi yau da ya sha mamaki. Ya ce in miƙo ƙusa in rage surutu.

Wayar injin kuma ya zura ta cikin baƙin bututun ban ruwa irin na gonakin inabi, daga kai har gindi. Damper ya zo ya gwada haƙorinsa sau biyu, ya haƙura. Kullum da safe Clarrie ya kwashe ciyawa da katako biyu da ya feƙe da kansa, ya bi da inji, ya goge da jiƙaƙƙen tsumma. Rana ta farko zomayen suka gudu. Rana ta huɗu Sultana tana zaune tana wanke fuska inji na wucewa ta gabanta.

Shalini ta dawo ranar Alhamis da ƙarfe goma. Ta cire takalmi a ƙofa ba wanda ya ce ta cire. Ta shafa ƙasa, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta duba barandar. Clarrie da kansa ya ja labule ya bar kafa, ya tayar da injin a cikin hasken, ya koma gefe ya harɗe hannu. Hasken ya tsaya garau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta ce ya nuna mata yadda zai canza jaka. Ya ɗauki injin ya fita har ƙarshen lambu, ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya juya wa iska baya yadda za ta kwashe komai ta yi gaba, sannan ya buɗe. Shalini ta rufe baki da takardunta tana dariya.

Ta zauna ta yi rubutu mai tsawo. Ta ce injin ba magani ba ne, kuma maganar ƙarshe ta likita ce. Zomaye ba za su shiga ɗakin kwana ba, Noelene ba za ta taɓa ciyawa da hannunta ba, shara kuma sai tana waje. In numfashinta ya canza, za a sake zama. Clarrie yana ta gyaɗa kai, amma na san ba wannan yake jira ba.

"'Yar nan," ya ce, "ki faɗa mini kai tsaye. Za ta dawo ta same su?"

"Abin da zan rubuta ke nan, Baba. Za ta same su."

Ya ce to madalla, ya fita wai zai duba motarsa, motar da ba abin da ya same ta. Ya daɗe a can.

Ranar Litinin da hantsi Kerryn ta kawo uwarta. Clarrie ya hana kowa gaya mata komai, don haka ta shigo a hankali, tana dogara sanda, fuskarta irin ta wanda ya shirya wa gidan da ba kowa. Ta tsaya tana kallon katakon ƙasa, ta ce ina kafet ɗinta. Kafin a ba ta amsa sai ga Sultana ta leƙo daga baranda, ta tsaya, ta shinshina iska, ta zo ta cusa kanta ƙarƙashin silifas ɗin Noelene yadda ta saba in tana son a shafa ta. Noelene ta zauna a kujera, hawaye na zuba, hannunta na kan kunnuwan Sultana. Ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba.

Damper ya fito daga baya, ya wuce uwar ɗakinsa ko kallo, ya je ya kwanta ya miƙe ƙafafu a kan takalmin Clarrie.

Noelene ta share ido ta dubi mijinta. "Tsoho, me ka yi wa zomona?"

"Ni? Ban san shi ba. Warin faski yake bi."

"Damper," in ji Kerryn, "sauka daga ƙafar Baba."

"Ƙyale shi," Clarrie ya ce, "Damper ba ya son a tashe shi in ya kwanta." Sai da maganar ta fita ya ji sunan da ya kira, ya hau tari.

Da aka sha shayi Noelene ta ce a kai ta ta ga barandar. Ta tsaya a bakin ƙofa, don an ce kada ta matsa kusa da ciyawa, ta bi ragar da kallo, ta bi tiren, har idonta ya kai kan ƙusar nan. Tiyon injin ne a rataye a wurin, an naɗe shi da kyau, sama da inda haƙori zai kai. A jikin bango akwai inuwar tarkon, inda fenti bai koɗe ba.

Ta tambaye shi ina tarkon babansa. Ya ce yana rumfar dattawa, Des zai kai shi gidan tarihin gari, can ne wurinsa. Ta ce ai da ya buga wata ƙusar, bango bai ƙare ba.

"Na ga Sultana tana kiwo a ƙarƙashinsa," ya ce. "Ban ji daɗin ganin ba."

Yanzu wata bakwai ke nan. An sake zama da likita sau biyu, ba a canza komai ba. Ƙarfe shida da rabi ina jin kwano ya bugi ƙasa, sai silifas, a hankali fiye da da, amma suna zuwa. Ƙarfe takwas Noelene ta fito lambu da kofinta ta zauna kusa da shinge, ta fara yi mini faɗa a kan lemo. A bayanta, cikin gida, injin yana aiki ƙasa-ƙasa, kuma in na kasa kunne ina jin Clarrie yana ce wa Damper ya ɗaga ƙafa.